Tsokaci Kan Wasu Kurakuran Fahimta Game Da Karatun Lesin

Duk wanda ya zaga unguwannin Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Katsina bayan sallar La'asar, ko kuwa da hantsin ranar Asabar, ba zai rasa cin karo da yara rataye da jakunkunan littattafai ba, alhali kuwa makarantun boko sun daɗe da tashi. In ya tambaye su ina za su, amsar da zai samu ba ta wuce kalma guda ba, watau lesin. Kalmar dai ararriya ce daga Ingilishi, amma ta zauna daram a bakin Bahaushe, har ma'anarta ta tsuke ta koma ga abu ɗaya tak: ƙarin karatun da iyaye kan biya kuɗi a yi wa 'ya'yansu a wajen lokacin makaranta, ko dai malami ya zo gida, ko kuwa yaro ya tafi wurin malami.

Jama'a sun kasu gida biyu game da wannan al'amari. Akwai masu ganin lesin tamkar laƙani ne, da zarar an biya an sa yaro, to, cin jarrabawa ya zama tilas. Akwai kuma masu ganinsa a matsayin wata dabara ta tatsar iyaye, wadda malaman zamani suka ƙago don cika aljihu, har suna kiran hukuma ta hana shi baki ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ɓangarorin biyu duk sun yi tuya sun manta da albasa, domin ba su tsaya sun tambayi abin da ke sa lesin ya yi amfani ba a inda ya yi, da abin da ke sa ya zama asarar kuɗi da lokaci a inda bai yi ba. Amfanin lesin kacokan a wuri ɗaya yake: a gano daidai inda yaro ya tsaya, a fara daga nan, kada kuma a wuce sai ya iya. Inda aka sami wannan, an sami lesin, ko da a gindin bishiya ne. Inda aka rasa shi, suna kawai aka samu.

Kuskure na farko, wanda shi ne ya fi kamata a daɗe a kansa a mujalla irin wannan, shi ne zaton da ake yi cewa karatun malami da ɗalibi ɗaya baƙon abu ne a ƙasar Hausa, boko ne ya zo da shi. Wanda ya faɗi haka bai lura da makarantar allon da ke ƙofar gidansu ba. Gaskiya ne a makarantar allo yara kan taru da yawa, har hayaniyar karatunsu ta cika unguwa, amma wannan taron ba aji ba ne. Kowane yaro da allonsa, kowane allo da inda ya tsaya. Wani yana babbaƙu, na kusa da shi yana farfaru, wani can ya yi nisa a izu. Malam kan kira su ɗaya bayan ɗaya, ya biya wa yaro, yaro ya maimaita, ya koma gefe ya yi ta nanatawa. Ba a wanke allo a rubuta ƙari sai yaro ya zo ya kawo karatunsa malam ya ji da kunnensa ya gamsu. In ya yi tuntuɓe a wata kalma, a nan take ake gyara masa, ba a jiran ƙarshen wata ko ƙarshen shekara. Babu wanda ake ja gaba don kawai sa'o'insa sun wuce, babu kuma wanda ake riƙewa don a jira na baya.

Haka abin yake, har ma ya fi fitowa fili, a karatun zaure. Ɗaliban ilmi kan kewaye malami, kowa da littafinsa: wannan Ahalari, wancan Ishmawi ko Iziyya, wani Risala, wani kuma ya kai ga Muhtasar. Wanda layi ya zo kansa shi zai karanta, malam ya fassara masa da Hausa, ya warware masa abin da ya shige masa duhu, sauran suna saurare suna tsintar abin da za su tsinta. Gwargwadon abin da mutum zai iya ɗauka, gwargwadon abin da za a ɗora masa. Ta wannan hanya manyan malaman ƙasar nan suka sami ilminsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, a wurin mahaifinsa ya fara karatun Alƙur'ani, sa'an nan ya lazimci malamai ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da Malam Usmanu Binduri wanda ya zauna tare da shi kusan shekara biyu, da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda ya bi har Agadas. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowanne. Ba sunan wata makaranta ya ambata ba, sunayen mutane ya ambata, domin a tsarin ilmi na wancan lokaci abin da ake tambayar mutum shi ne a wurin wa ya yi karatu. Batun biyan malami ma ba sabo ba ne. Kuɗin Laraba, da sadakar da akan kai in yaro ya kai wata sura sananniya, da hidimar sauka, duk hanyoyi ne da iyaye ke riƙe malamin da ke koyar da ɗansu.

Ashe ke nan abin da boko ya kawo sabo shi ne aji, watau a tara yara masu shekaru ɗaya, a ba su darasi ɗaya a lokaci ɗaya, a tafi da su da sauri ɗaya bisa manhajar da aka tsara tun kafin a san su. Tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 wannan tsari ya fara kafuwa a Arewa. Yana da fa'ida babba wadda ba mai musunta ta: da shi ne malami ɗaya zai iya ilmantar da mutane da yawa cikin ƙanƙanen lokaci. Amma fa'idar tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce yawan yaran. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, an yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Tun daga sannan cunkoso ya zama abokin zaman makarantun gwamnati. Manufar ilmi ta ƙasa ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ba abin mamaki ba ne a leƙa aji a cikin birni a tarar da ninkin wannan ko fiye. Lissafin mai sauƙi ne. In darasi na minti 40 ne, yara kuma 80, to, ko da malami bai koyar da kome ba, ya ce zai saurari kowa ɗai-ɗai, rabon kowane yaro rabin minti ne. A irin wannan hali yaron da bai gane rabawa a aji uku ba haka zai tafi aji huɗu da ramin, a ɗora masa sabon gini a kai, har ya kai sakandare yana tsammanin Allah bai ba shi kan lissafi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsaga ce lesin ya shigo. Wani masani ɗan Ingila, Mark Bray, a littafin da ya rubuta wa hukumar UNESCO a 1999, ya kira wannan harka ilmin inuwa, domin duk yadda makaranta ta karkata haka ita ma take karkata. Mai son ya san ciwon makarantun gari, ya dubi irin lesin da ake nema a garin.

Masu binciken harkar ilmi a ƙasashen waje sun daɗe suna auna wannan abu da makarantar allo ta sani a aikace. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago a Amurka. A 1984 ya buga wata maƙala inda ya kwatanta yaran da aka koyar a aji na mutum 30 da waɗanda aka koyar ɗai-ɗai ko cikin ɗan ƙaramin rukuni, ana gwada su a kai a kai, ba a wucewa sai sun iya. Sakamakon da ya bayar shi ne matsakaicin yaro cikin waɗanda aka koyar ɗai-ɗai ya zarce 98 daga cikin kowane 100 na 'yan aji. Wannan adadi ya yi ta yawo a duniya, masu tallar lesin kuma suka riƙe shi gam. To, amma a nan ma akwai gyara. Bloom ya dogara ne a kan binciken ɗalibansa guda biyu, na 'yan makonni kaɗan, a kan darussa ƙayyadaddu, kuma binciken da aka yi ta yi daga baya bai kai ga wannan adadi ba. A 2020 wasu masana uku, Nickow da Oreopoulos da Quan, sun tattara gwaje-gwaje 96 suka auna su gaba ɗaya. Abin da suka samu, in an mai da shi irin lissafin Bloom, shi ne matsakaicin yaron da aka yi wa irin wannan koyarwa kan zarce kimanin 64 daga cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba. Tsakanin 98 da 64 akwai tafiya. Duk da haka 64 ɗin ba abin renawa ba ne, domin kaɗan ne daga cikin dabarun gyaran ilmi da aka gwada suka kai haka. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne sharuɗɗan da suka gano: amfanin ya fi yawa in mai koyarwar ya sami horo, in ana haɗuwa sau uku ko fiye a mako, in kuma a cikin lokacin makaranta ake yi, ba bayan an tashi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kamata iyaye su yi tunani a kansa, za a kuma dawo gare shi nan gaba.

Akwai kuma masu cewa lesin na daƙiƙai ne, har wani uban yakan ɓoye cewa ana yi wa ɗansa don gudun gori. Wannan ba ya bukatar doguwar amsa. Babu wanda ya taɓa cewa Shehu ya bi Malam Jibrilu Agadas ne don karatu ya gagare shi. Yaro mai kaifin basira ma aji na cutarsa, domin yakan gama abin da aka ba shi ya zauna zaman jiran sauran, daga nan sai ya koyi surutu da rena darasi. Yaron da ake kira daƙiƙi kuwa, sau da yawa in an bincika sai a tarar wata jinya ce ta makonni ta raba shi da aji a daidai lokacin da ake koyar da wani tushe, ko ba ya ganin allo sosai daga inda yake zaune, ko kuwa harshen da ake koyarwar da shi ne bai iya ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin iyaye shi ne zaton cewa kyawun lesin yana tafiya da tsadarsa, ko da girman takardar shaidar malamin. Wani misali daga ƙasar Indiya ya isa ya girgiza wannan zato. A biranen Badodara da Mumbai wata ƙungiya mai suna Pratham ta ɗauki 'yan matan unguwa waɗanda ba su wuce sakandare ba, ta ba su horon mako biyu, ta sa su koyar da yaran aji uku da huɗu da aka bari a baya. Kowace takan ware yara 15 zuwa 20 na tsawon sa'a biyu a rana, ta koma da su kan haruffa da ƙidaya, watau abin da ya kamata su iya tun a aji ɗaya da biyu. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, sun auna shirin suka buga sakamakonsa a 2007. Yaran sun ci gaba ƙwarai, waɗanda suka fi rauni kuma su suka fi cin moriya, ko da yake wani ɓangare na ribar ya ragu bayan an daina. 'Yan matan nan ba su fi malaman ajin ilmi ba, ko kusa. Abin da suka fi su da shi shi ne an sake musu mara su bar manhaja su koma inda yaro yake. Irin wannan dabara ta iso ƙasar Hausa: a 2019 aka fara gwada ta a makarantun firamare na ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano, inda akan kasa yaran aji huɗu zuwa shida gwargwadon abin da suka iya a karatun Hausa da lissafi, ba gwargwadon ajinsu ba. Mai lura zai ga cewa an yi doguwar tafiya ce aka dawo kan abin da alaramma ke yi a tsangayarsa.

In aka ɗora yawancin abin da ake kira lesin a garuruwan nan a kan wannan ma'auni, sai a ga bai cika mudu ba. Akan kama wani shago ko ajin wata makaranta da yamma, a cusa yara hamsin ko sittin, malami ya tsaya gaban allo ya maimaita abin da aka yi da safe, da irin saurin da aka yi shi da safe, su kwafa su tashi. Yaron da bai gane da safe ba, me zai sa ya gane da yamma, ga gajiya ga yunwa? An gudu ne ba a tsira ba. Malamin da ke zuwa gida ma ba kullum yake tsira daga wannan ba. Da yawa aikinsu bai wuce su yi wa yaro aikin gida da aka ba shi a makaranta ba, yaro ya kwafe da hannunsa, gobe ya sami maki goma bisa goma, uwa ta yi murna, uba ya biya kuɗin wata da daɗin rai. Wannan ya fi rashin lesin muni, domin ya rufe ramin da ciyawa. Malamin aji da zai iya lura da raunin yaron yanzu ba zai gani ba, sai ranar jarrabawa, ranar da ba a ɓoyon cibi.

A nan ya dace a ɗan ratse a taɓo batun harshe, tun da ya shafi wannan sashe kai tsaye. Iyaye da yawa da Ingilishi suke auna malamin lesin. In suka ji yana zuba Turanci, yaro na gyaɗa kai, sai hankalinsu ya kwanta. In suka ji ya juya yana bayani da Hausa, sai su ga kamar kuɗinsu ya faɗi. Alhali kuwa babbar damar da malamin lesin ke da ita a kan malamin aji ita ce ya iya tsayawa ya warware wa yaro abu da harshen da yake tunani da shi, sa'an nan ya ba shi kalmar Ingilishin ya riƙe. Yaron da ya gane cewa kashi ɗaya bisa huɗu shi ne rabon mutum ɗaya in an raba ƙosai takwas tsakanin mutum huɗu, ba zai sha wuyar riƙe sunan abin da Turanci ba. Wanda aka haddatar da sunan kawai, bai riƙe kome ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, ya nuna ba su kasa takwarorinsu ba har a Ingilishin kansa. Malaman zaure kuwa ba su taɓa jin kunyar fassara Larabci da Hausa ba, kuma ba a ce ɗalibansu sun kasa Larabci ba.

Sai kuma lesin na gab da jarrabawa, wanda shi ne kasuwarsa ta fi ci. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978 ƙofar jami'a ta zama guda, masu neman shiga kuwa kullum ƙaruwa suke. A 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 suka zauna jarrabawar, kimanin kashi uku cikin huɗu kuma ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Ba laifi ba ne ɗalibi ya nemi wanda zai nuna masa salon tambayoyi, ya saba da amsawa cikin ƙayyadadden lokaci, ya kuma koyi sarrafa kwamfuta, musamman da yake tun 2015 da ita ake yin jarrabawar baki ɗaya. Ɗan ƙauyen da bai taɓa dafa kwamfuta ba yana bukatar wannan fiye da kowa. Amma bitar tsofaffin tambayoyi gyaran fuska ne ga ginin da ya riga ya tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wata uku ba ya cike giɓin shekara shida. Daga wannan gaggawa ce wata mummunar sana'a ta tsiro, ta wuraren da ke fakewa da sunan lesin alhali abin da suke sayarwa amsa ce a ɗakin jarrabawa. Satar jarrabawa tsohuwar cuta ce, fallasar takardun WAEC ta 1977 har yau ana tuna ta, kuma dokar 1999 ta tanadi tara da ɗauri a kanta. Bai kamata a shafa wa malamin lesin na gaskiya kashin kajin waɗannan ba. Uban da aka yi wa alkawarin sakamako tun kafin a ga ɗansa ya san abin da yake saye.

Game da lokaci, wanda aka ce za a dawo gare shi, yaron Bahaushe ba kamar yaron Shikago ba ne da ke tashi daga makaranta ya koma gida ya huta. Da safe yana boko, da yamma Islamiyya, da dare ko da asuba kuma wataƙila allo, ga aike, ga tallar wasu, ga aikin gida na 'ya'ya mata. In aka zo aka cusa lesin na sa'a biyu a tsakani, daga barcinsa da wasansa aka yanko su. Rabin sa'a da yaro zai yi a farke, malami na sauraron karatunsa shi kaɗai, ya fi sa'a biyu yana gyangyaɗi.

Duk abin da aka faɗa a baya kurakuran masu son lesin ne. Masu ƙinsa kuwa suna da hujja guda mai ƙarfi, wadda bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. In malamin aji shi ne kuma malamin lesin na yaran ajinsa, to, an sa shi a tsaka mai wuya, domin duk abin da ya koyar da kyau da safe ya rage masa ciniki da yamma. Ba zargi ba ne kawai. Seema Jayachandran ta bincika makarantun sakandare a ƙasar Nefal, ta buga sakamakon a 2014, inda ta nuna cewa a makarantun da ke sayar wa ɗalibansu lesin malamai kan rage koyarwa a lokacin aji, kuma 'ya'yan talakawa, waɗanda ba sa iya biya, su ne sakamakonsu ya fi faɗuwa. A Masar abin ya kai ga ɗaliban shekarar ƙarshe ta sakandare da yawa kan ƙaurace wa aji su koma cibiyoyin lesin. Wanda ya san halin albashin malamin firamare a ƙasar nan, da yadda yakan makara, ba zai yi saurin jifan malamin da ya nemi ƙari da yamma ba. Amma tausayin malami ba ya halatta a mai da darasin da hukuma ta riga ta biya ya zama na sayarwa. Nan ne ya kamata hukumomin ilmi su ja layi: malami ya yi lesin ga wanda ya ga dama, ban da yaran da shi ne zai ba su maki.

Hana lesin gaba ɗaya kuwa an gwada, ba a ji da daɗi ba. Gwamnatin soja ta Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980. Bai mutu ba, ɓuya ya yi, kuɗinsa kuma ya hau saboda haɗarin da malami ke ɗauka, sai ya zama masu hali kaɗai ke iya saye. A 2000 kotun tsarin mulki ta soke haramcin, a 2024 kuwa ƙididdigar gwamnatin ƙasar ta nuna ɗalibai 80 cikin 100 suna lesin, iyaye kuma sun kashe won tiriliyan 29.2 a kansa a shekarar. Ƙasar Sin ta bi sahu a watan Yulin 2021, ta hana kamfanoni neman riba da koyar da manyan darussan firamare da ƙaramar sakandare. Manyan kamfanoni sun durƙushe, dubban malamai sun rasa aiki, amma malamin da ke shiga gidan mai kuɗi a asirce bai daina shiga ba. Muddin kujerun jami'a sun kasa masu nema, jarrabawa guda kuma ita ke raba gardama, uba zai nemi abin da zai ɗaga ɗansa, doka ko ba doka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka tambayar da ta dace da ƙasar Hausa ita ce yadda ɗan talaka zai sami rabonsa na wannan kulawa, tun da ɗan mai hali ya riga ya samu. Misalin Indiya da na Wudil sun nuna ba sai da kuɗi mai yawa ba. Makaranta na iya ware sa'a guda a cikin lokacinta, ta kasa yara bisa abin da suka iya. Ɗaliban jami'o'i da na kwalejojin horon malamai, waɗanda ke shafe dogon hutu a gida, ga kuma hutun dole na yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022, za su iya ɗaukar yara biyar-biyar a unguwanninsu in an ba su ɗan horo. Ɗaliban sashen Hausa musamman suna da abin bayarwa a nan, domin rubutun Hausa yana tafiya da furucinsa, yaron da aka zauna da shi sosai kan iya haɗa baƙi da wasali ya karanta cikin 'yan watanni, wanda ya iya karatu da harshensa kuwa ya sami tsanin hawa zuwa wani.

Uban da ya riga ya ɗauki malami, ko da shi bai yi boko ba, yana da hanyar gane abin da yake biya. Ya duba ya gani ko malamin ya fara da gwada yaron kafin ya fara koyarwa, ko kuwa ya buɗe littafi ne kawai daga inda aji ya tsaya. Ya tsaya daga nesa ya saurara, ya ji muryar wa ta fi yawa a ɗakin, ta malam ko ta yaro. Ya leƙa littafin aikin, in bai ga kuskure ko ɗaya da aka gyara ba, to, ba yaron ke yin aikin ba. Bayan wata biyu ya tambayi malamin abin da yaron bai iya ba a da wanda ya iya yanzu, ya kuma sa a kira yaron ya yi shi a gabansa, malamin na zaune bai ce uffan ba.